Bindigogi Uku da Kafaɗa Ɗaya

Zuwa ga ɗana Zabairu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a mota, ya tsare ka a jirgi, ya sauke ka lami lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka da kowa. Innarka na gaishe ka. Ita ce ta cusa takardar cikin jakarka a ƙarƙashin kilishi, don ta san nan hannunka zai fara zuwa.

Ba labarin Tanut zan ba ka ba, jiya-jiya ka baro ta. Amsar tambayarka ce, wadda na kasa ba ka baki da baki. Ranar da ka zo daga Yamai ka zauna kusa da ni a zaure, ka ce an zaɓe ka cikin waɗanda za a kai Maroko horon wasan harbi. Ka ce kulob ɗin da zai karɓe ku ya nemi kowa ya zaɓi bindiga ɗaya cikin iri uku, duka masu ɗura wa kansu harsashi, irin waɗanda in ka ja kunama ta tashi sau ɗaya, ta tofar da kwanso, ta ɗauko wani da kanta. Wadda ka zaɓa ita za a bar maka, da ita za ka yi horon gaba ɗaya, da ita kuma za ka shiga gwajin ƙarshe da zai nuna wa zai zauna, wa zai komo gida. Ka ce ba canji, kuma ranar da ka sauka za ka ba da amsa.

Sai ka nuna mini hotunansu a waya. Ga ta Italiya, siririya mai zane a jiki. Ga ta Baljiyam mai ƙotar jan icce, da ka zo kanta fuskarka ta washe ka ce, “Baba, ga irin taka.” Ga kuma ta Turkiyya, baƙa ƙirin, ƙotar roba, ba ado ko ɗaya. A ƙarƙashinta akwai ɗan rubutu, ka karanta shi ƙasa-ƙasa: wai cikin ukun ita kaɗai ce masu ƙera ta ke yin ta bahago, mai jefa kwanso ta hagu. Ka yi 'yar dariya ka ce, “Amma ba ta da kyau, ko Baba?” Na ce ba ta da kyau. Ka koma kan ta Baljiyam. Na san ita za ka ambata in ka sauka, kuma na san don ni za ka ambace ta. Shi ya hana ni sukuni har na ɗauki biro.

Kafin in yi maganar ƙarfe, bari in faɗi abin da uba bai cika faɗa wa ɗansa ba. Na yi aikin gandun daji daga Tanut har Belbeji, na tashi a gidan maharba, na raka baƙi masu takardar izinin farauta iri-iri, amma ban taɓa ganin mai sanyin hannu kamarka ba. Ba ka gaggawa, kuma ba ka nawa. In ka ɗora kunci a ƙota, numfashinka ma sai ya nemi wuri ya zauna. Bidiyon nan na filin harbi a Yamai, inda farantan ƙarfe ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, na sa ƙanwarka ta tura mini shi, kuma duk wanda ya shigo zaurena sai ya kalla, ko yana so ko ba ya so. Mai shayin bakin tasha har ya san inda zan ce, “To, duba nan!” yana riga ni faɗa. Ina alfahari da kai ƙwarai, don haka abin da zan faɗa ba gyaran gwani ba ne. Kurakuraina ne zan shimfiɗa maka, ka taka su ka wuce.

Bindigata ta farko da ido na zaɓe ta. Ina sabon ma'aikaci, takardar izinina ta fito, na sauka Damagaram wurin wani ɗan kasuwa da ke da lasisin sayar da kayan farauta. Ya ɗora mini biyu a tebur. Ɗaya ba ta da wani fasali, ɗayar kuwa ƙirar Italiya ce, an zana mata furanni da tsuntsaye a jiki, zanen da ko maƙerin azurfa zai tsaya ya duba. Ban tambayi yadda ake kwance ta ba, ban tambayi abin da take so da abin da ba ta so ba. Na rungumo ta na dawo Tanut ina tafiya kamar ango.

Ka san kakanka, Allah ya jiƙansa, da man shanu yake kula da adakarsa, tsohuwar bindigarsa ta ɗuri da hannu, shi kuma yake shafa wa sirdi da kube. Ni ma sai na ce abin da ya yi wa uba ai zai yi wa ɗa. Na samo man shanu mai kyau daga wajen Fulani na ɗura mata, ciki da waje, ban yi rowa ba. Ba a jima ba aka aiko daga Tanhiya cewa diloli sun addabi makiyaya, suna ɗauke musu 'yan raguna a bakin rijiya. Aka tura ni. Na hau raƙumi, na rataya bindiga a buɗe ba tare da gidanta ba, don duk wanda muka gamu da shi ya ga zanen. Haka muka yi ta keta rairayi, rana na narka man, iska na ɗura mata yashi.

Da hantsi sai ga dila ya ɓullo bayan wata aduwa, makiyaya sun taru a bayana suna jiran su ga aikin ɗan gwamnati. Na buga ta farko na kuskure. Ban damu ba, ai mai ɗura kanta ce. Na sake jan kunama, shiru. Na duba, kwanso ya maƙale rabi a ciki rabi a waje. Dila ya tsaya ya dube mu, sannan ya tafi abinsa ba tare da ko sassarfa ba. Da na buɗe ta a kan tabarma, man shanu da yashi sun haɗu sun zama dambu. Wani dattijon Bafulatani ya sunkuyo ya shinshina, ya ce, “Gandun daji, wannan bindigar taka ai tuwo kawai take jira.” Har na bar aiki, in na je Tanhiya akwai masu tambayata ko na zo da miya.

Laifin ba na bindigar ba ne. Har gobe ina cewa ban ga hannun maƙera mai tsabta irin na waɗanda suka yi ta ba. Kowane ƙarfe a cikinta ya zauna daram a kan ɗan'uwansa, ba inda ko gashi zai shiga, shi ya sa ma ba ta yafe wa ƙazami. Mai ɗura kanta ba kamar adaka ba ce, cikinta motsi ne, kuma abin da ke motsi yana son tsabta fiye da maiƙo. Saboda haka in an ɗora maka ukun nan a tebur, kada ka fara da kallon jikinsu. Ka roƙi a kwance kowace a gabanka, ka mayar da ita da hannunka, ka ga wadda za ka iya wankewa kullum ba tare da ka ji nauyin yi ba. Ka sa mata man da aka yi dominta, ɗigo kaɗan. Kuma ka riƙa rufe ta a gidanta, farantin ƙarfe bai san zane ba.

Yanzu ga ta Baljiyam, wadda ka tashi kana jin kirarinta a bakina. Ba saya na yi ba. Wani Bature likitan dabbobi ne ya zo aikin rigakafin shanu a kwarin Tarka, aka haɗa ni da shi in riƙa nuna masa mashaya da rugage. Dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ofis, mai haƙuri, mai cin duk abin da aka ɗora masa a gaba. In mun yi nisa da gari nama ya yanke, yakan ɗauko bindigarsa ya samo mana zabon daji, ɗaya tak, ba ya ƙarawa. Ban taɓa ganin ya buga sau biyu a kan abu ɗaya ba, ban kuma taɓa ganin bindigar ta yi masa gardama ba, ko da bayan mun kwana biyu a cikin yashi. In ya ja ƙarfenta baya ya sake, wani sauti take yi mai daɗi, irin na ƙofar da kafinta ya auna da kyau. Na so mutumin, na so bindigar, har na kasa raba su a zuciyata. Da zai koma ƙasarsu ya bi hanyar hukuma aka juya takardarta da sunana. Ranar na kasa cin abinci don murna.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, an yanka ƙotarta ne daidai hannun dogon mutum, ni kuwa ka san tsawon da Allah ya ba ni. In na danna ta a kafaɗa sai na miƙa wuya, yatsana da ƙyar yake kai wa kunama. Aminina Agali, Buzun nan na Belbeji da ke kawo mana cuku, shi ya fara faɗa. Muna tare na kuskure zabi suna kiwo a fili, ya dube ni ta saman rawani ya ce, “Ila, kai ke riƙe da ita, ko ita ke riƙe da kai?” Na ce rana ce ta shiga idona. Ya ce, “Ranar a bayanka take. Ka kai ta wurin kafinta ya rage ƙotar. Ko sirdin raƙumi ne, in ka gada sai ka gyara shi daidai zamanka.” Na ji haushi. Ni in sa zarto a bindigar likita? Gani nake kamar in na rage ta na rage mutumin.

Shekaru na yi a haka, ina kuskure ina neman wanda zan ɗora wa, kafaɗa na yi mini ciwo in ce sanyi ne. Sai da Agali ya daina tsokanata, ya koma kau da kai in na ɗauko ta, sannan kunya ta kama ni na kai ta aka rage. Ranar da na fara bugawa bayan an gyara, sai na ji kamar ban taɓa riƙe ta ba sai yau. Ashe kirarin da nake yi mata duk gaskiya ne, ni ne dai ban taɓa ɗanɗana shi ba. Zanen aro ba ya rufe katara, Zabairu. Gwanintar likita a jikinsa take, ya kuma tafi da abarsa, ƙarfe da icce ya bar mini. Don haka kada ka zaɓi bindiga saboda wanda ka ga ya riƙe ta, ko da wannan mutumin ubanka ne. Ka rufe ido ka ɗora kowace a kafaɗa, sannan ka buɗe. Wadda ka tarar idonka ya faɗa kan saiti ba tare da ka motsa wuya ba, ita ce ta san ka.

Akwai wani ƙaramin kuskure da zan haɗa maka da shi. Wata shekara harsashinta ya yanke mini, na karɓi wani iri a hannun wani abokin aiki a Ollelewa don na ga girmansu ɗaya. Ta buga na farko lafiya, amma ta kasa tofar da kwanson, domin harsashin ba shi da ƙarfin da zai tura cikinta baya. Mai ɗura kanta da ƙarfin abin da ta ci take aiki, kuma kowace ƙira da abincin da ta fi so. Ka tambayi irin harsashin da kulob ɗin ke bayarwa ranar gwaji, da shi za ka jarraba su, ba da wanda mai talla ya zaɓo ba. Sannan ka riƙe abin da na koya maka tun kana ƙarami: kowace bindiga cike take har sai ka buɗe ka gani da idonka, bakinta ba ya duban mutum ko da wasa, yatsa ba ya kusantar kunama sai an tashi bugawa. Ka bar ta a ma'ajiyar kulob, kada ka ɗauki hoto da ita kana yaɗawa, kada kuma ka yi tunanin zuwa da ita gida. Ka san halin da ƙasarmu ke ciki, an ga bindiga a hannun da bai kamata ba har mutane sun gaji. Taka ta wasa ce, ka bar ta a filin wasa.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saura babban.

Kai bahago aka haife ka. Tun kana rarrafe da hagu kake kai hannu. Kakarka, mahaifiyata, Allah ya yi mata rahama, ita ta ɗauki gyaran a wuyanta. In an zo cin tuwo takan naɗe maka hannun hagu da tsumma, in ka miƙa wa babba abu da shi ka ji ludayi a bayan hannu. Ban ga laifinta ba a wannan, ci da sha da gaisuwa da dama ake yi, kuma ka koya ka huta. Ni ne na ɗauki abin na kai shi inda ba a aike ni ba.

Ka tuna ranar da na fara ba ka bindigar iska a bayan gida, gindin kurna? Ban nuna maka komai ba tukuna, na dai ajiye gwangwanin madara a kan katanga. Ka ɗauke ta, da kanka ka ɗora a kafaɗar hagu, ka buga, gwangwani ya yi sama. Bugunka na farko a duniya ke nan. Maimakon in ɗaga ka sama, sai na fizge bindigar na ce, “Da wane hannu? A gidan nan ba a taɓa yin maharbi bahago ba. Abin da za a ci ba a kashe shi da hannun tsarki.” Haka na ji kakanka na faɗa, shi ma haka ya ji, ba wanda ya taɓa tambaya. Na mayar maka da ita dama. Ka riƙa karkato kai ta saman ƙota don idonka na hagu ya kai ga saiti, ni kuma ina tura kan naka da tafin hannu ina cewa ka rufe wancan idon. Ka yi watanni kana kuskure. Ba ka yi kuka ba, ba ka ce ka fasa ba, kullum in an tashi daga lakkwal, makarantar boko, kana gindin kurna. A hankali ka fara samu, sannan ka daina kuskure. Ni kuwa na shiga gari ina bugun ƙirji, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Innarka ta gani tun lokacin. Wata rana tana tankaɗe ta ce, “Malam, ka taɓa lura in yaron nan zai zura mini zare a allura da wane ido yake dubawa?” Na ce, “Ke ina ruwanki da harbi?” Ta ce, “Ba ruwana da harbi, amma ni na haife shi.” Na tashi na bar mata wurin. Bayan wasu shekaru maganar ta zo a gaban limamin unguwarmu, na kawo zancen hannun tsarki ina jiran ya gaskata ni. Sai ya ce, “Malam Ila, dabba sunan Allah ke halatta ta, ba kafaɗar da aka ɗora bindiga ba.” Na ji, na gane, amma ban gyara ba. Na ce a raina ai ka riga ka saba, me za a tayar? Masu horonka na Yamai ma ba su lura ba, domin kana samu, kuma mai samu ba a bincikarsa.

Da ka nuna mini hotunan nan ka tambaye ni ko baƙar ba ta da kyau, na san ba kyanta kake tambaya ba. Izini kake nema, ni kuma na hana ka a karo na biyu. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari da safe, kana can wajen sallama da kawunnanka, na ɗauko ta Baljiyam na fita bayan gari, wurin kwarin nan mai tudun yashi inda harsashi ba ya wucewa. Na ce bari in ɗanɗana abin da na ɗora maka. Na kafa gwangwani a nisan da ko da ciwon ido ba na kuskurensa, na ɗora bindiga a kafaɗar hagu, wadda ba tawa ba, kamar yadda dama ba taka ba ce.

Zabairu, ban san inda zan sa kaina ba. Hannun da ya saba riƙo ya koma ja, wanda ya saba ja ya koma riƙo, idona na dama yana ta ƙoƙarin ƙetare ƙota ya leƙa, daidai yadda naka na hagu yake yi ina ture shi. Na buga, yashi ya tashi can gefe. Na sake, ya tashi a gaba. Ga kwanso mai zafi yana fita ta dama yana gilma mini ta gaban ido, har ɗaya ya sauka a kuncina ya ƙone ni. Na matso kusa, na ƙara matsowa, har na kai inda yaro zai jefe shi da dutse. Harsashin da na zo da shi ya ƙare, gwangwani na nan tsaye ko ƙwarzane babu. Ni Ila, da ake aikowa a kira ni daga Tarka.

Na zauna a kan yashi na daɗe. Kunya ta zo ta wuce, abin da ya rage shi ne mamakinka. Ni ban iya jure safiya ɗaya ba. Kai kuwa tun kana ɗan lakkwal kake a wannan kafaɗar, da idon da ba shi ne gwaninka ba, kuma da haka ka kayar da farantan Yamai, da haka aka zaɓe ka cikin mutanen ƙasa guda. Duk abin da nake nuna wa mutane a zaure, ashe da hannun aro ka yi shi. Wallahi ban san iyakar abin da za ka yi da naka na gaskiya ba, kuma ina so in rayu in gani.

Saboda haka ga amsata. Ka ɗauki baƙar, ta Turkiyya, ƙirar bahago. Ta Baljiyam bindiga ce ta ƙwarai, ba zan janye ko kalma ɗaya daga yabon da na yi mata ba, amma an yi ta ne don mai dama, kuma in ka ɗauke ta ka ɗaure kanka a kafaɗar da na zaɓa maka har ƙarshen horon. In ka juya da ita hagu, ga kuncina shaida. Baƙar ba ta da ado, sai dai waɗanda suka ƙera ta sun tuna akwai irinka a duniya, abin da ni ubanka ban yi ba, kuma wannan kaɗai ya isa in girmama su. Ka jarraba ta kamar yadda na faɗa, ka kwance ta, ka ba ta harsashin kulob, ka rufe ido ka ɗora. Amma a hagu za ka ɗora.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai kasada. Watannin farko makinka zai faɗi, waɗanda kake gaba da su za su wuce ka, wataƙila mai horonku ya ce wane irin ɗalibi ne aka aiko masa. Kada ka firgita ka koma dama. Ka gaya masa gaskiya tun ranar farko: kai bahago ne, a gida aka juya ka, kuma wanda ya juya ka ɗin ne ya ce a mayar da kai. Yaron da ya yi watanni a gindin kurna yana koyon abin da ba nasa ba, ba zai kasa tuna nasa ba. In ma Allah ya ƙaddara gwajin bai yi ba ka komo gida, ka komo da kanka a sama, laifin jinkirin nawa ne, ni zan faɗa wa mutane da bakina.

Da na dawo daga kwarin, Innarka ta ga ƙunar ta tambaya, na ba ta labari duka. Na jira ta ce ai ta faɗa mini, ba ta ce ba. Ta shafa mini man kaɗanya, ta ce, “To, ka rubuta masa, tunda bakinka ba zai iya ba.”

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka girmama masu koya maka, ka riƙa kiran Innarka ko da ba ka da labari. Allah ya yi maka albarka, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya daidaita maka ido da hannu, ya dawo mana da kai lafiya. Ka ci da dama, ka gaisa da dama. In ka tsaya a gaban faranti kuwa, ka yi bismilla ka ɗaga hannun da Allah ya ba ka, na cire nawa daga kanka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ila